Attajirin ulu na Ingila: kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarinsa

Wanda duk ya karanta tarihin Ingila na tsakanin 1250 da 1500 ya ci karo da attajiran ulu, mutanen da gashin tumaki ya yi wa arzikin da har sarki kan nemi rance a hannunsu. Na sha duba rubutun ɗalibai da na masu fassara a kan waɗannan mutane, kuma kurakuran ba sa canzawa. Tushensu ɗaya ne: ana zana mana mai garke da akwatin zinariya a ƙarƙashin gado, alhali mutumin ɗan bashi ne, ɗan wasiƙa, kullum hankalinsa na kan jirgin da bai iso ba.

Tun daga kalmar ake fara zamewa. Tumakinmu, uda da balami da 'yankasa, gajeren gashi gare su, ba mai aske su don saƙa, shi ya sa wasu ke rubuta "auduga" don a gane. Kada a yi haka, Ingila ba ta noma auduga. Ulu shi ne lallausan gashin da ake aske wa tumakinsu sau ɗaya a shekara, wajen watan Yuni. Da buhu ake auna shi, buhu ɗaya laba 364, wato kusan kilo 165, gashin tumaki sama da 200 ke nan.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa tumakin nasa ne. Masu garke daban suke: manyan gidajen ibadar 'yan zuhudu irin Fountains da Rievaulx a Yorkshire, masu gandu, da ƙananan manoma masu tumaki ashirin ko talatin. Sai dillalai da ke bin ƙauyuka suna tarawa. Sannan mai fitarwa ƙetare, wanda shi ne attajirin da ake nufi. Iyalin Cely na Landan, waɗanda wasiƙunsu na tsakanin 1472 da 1488 suke nan har yau, sun nuna yadda abin yake. Ɗaya daga cikinsu zai hau doki zuwa Northleach a tsaunukan Cotswold, ya duba kayan dillali irin William Midwinter, a rarrabe mai kyau da matsakaici, a ɗaure, a kai Landan, a loda a jiragen ruwa zuwa Calais, tashar jiragen ruwa a gaɓar Faransa da ke hannun Ingila a lokacin. Sukan rarraba kayan a jirage da yawa, don idan 'yan fashin teku ko guguwa sun ci ɗaya, sauran su tsira.

To, da me ake biya? Nan ne akwatin zinariya ke rushewa. Dillali a ba shi wani kaso a hannu, saura sai bayan watanni. Masu saye daga Flanders (yankin da yawancinsa ke cikin Beljiyam ta yau) da Holan su ma kaso suke bayarwa, su rubuta takardar alkawari, sai lokacin manyan kasuwannin Antwerp ko Bergen-op-Zoom a je karɓa. Ana binsa a gida, yana bin wasu a waje, ga kuɗaɗen ƙasashe iri-iri da darajarsu ke hawa da sauka. Wanda ya san harkar fatake ba zai yi mamaki ba. Idan kana rubutu a kan wani attajiri, fara da tambayar nan: a wane gurbi yake tsakanin makiyayi da masaƙi, kuma wa ke binsa?

Akwai kuma masu ɗaukar mai ulu da mai tufafi a matsayin abu ɗaya. Thomas Paycocke na Coggeshall, wanda ya mutu a 1518, da iyalin Spring na Lavenham, masu sa a saƙa ne su sayar da ƙyalle. Sana'a biyu ce, kuma ɗaya ce ta danne ɗaya. A farkon shekarun 1300 Ingila kan fitar da buhu sama da 40,000 a shekara mai kyau. Zuwa tsakiyar shekarun 1400 abin ya faɗo ƙasa da 10,000. Haraji ne ya yi aikin. A 1275 Sarki Edward na Ɗaya ya sa sule 6 da kwabo 8 a kan kowane buhu, a 1294 ya ɗaga zuwa sule 40 saboda yaƙi da Faransa, kuma sarakunan baya suka ɗanɗana suka ji daɗi. Ƙyalle kuwa harajinsa kaɗan ne, sai saƙa a gida ta fi riba.

A kula da shekaru. Ingila ta kame Calais a 1347, a 1363 aka mai da shi kasuwar dole da yawancin ulu zai bi. Attajirin ulu Laurence na Ludlow, wanda ya nitse a teku a 1294 yana kai ulu ƙetare, bai san wannan tsari ba. A zamaninsa 'yan Italiya ne ke riƙe da babban kaso na kasuwar, sukan biya gidajen ibada kuɗin ulun shekaru masu zuwa tun ba a yi aski ba.

Laurence ɗin nan ne ma ya jawo wani kuskuren. Shi ya gina Stokesay, gida mai hasumiya da ya samu izinin yi wa ganuwa a 1291, sai mutane suka ɗauka kowane attajirin ulu a fada yake kwana. Yawancinsu gidan cikin gari gare su, bakin titi, da babban zaure na cin abinci, ɗakin lissafi, da wurin ajiyar kaya. Gidan William Grevel yana nan a babban titin Chipping Campden, na dutse ne mai kyau, amma gida ne. A ciki akwai mata da 'ya'ya, barori, da yaran da aka kawo koyon sana'a na shekara bakwai ko fiye, suna ci suna kwana a hannun maigida.

Batun aure ya fi komai jan hankali, kuma a nan aka fi yin gaggawar yanke hukunci. Ranar 1 ga Yuni 1476 wani attajirin ulu, Thomas Betson, ya rubuta wa Katherine Riche wasiƙa daga Calais. Ita tana wajen shekara 13, agola ce a gidan William Stonor, abokin kasuwancinsa. Ya ce mata ta riƙa cin abinci sosai don ta yi saurin girma, ta kuma gaishe masa da dokinsa ta roƙe shi ya ara mata shekara huɗu daga cikin nasa. Masu karanta wannan sukan kasu biyu. Wasu su ce ashe duk 'yan matan Ingila a wannan shekarun ake aurar da su, wasu su ce ciniki ne kawai babu ƙauna. Duka ba daidai ba. Baikon wuri al'adar masu dukiya ce, 'ya'yan talakawa da yawa sukan yi aikatau sai sun haura ashirin. Su ma waɗannan biyun sai 1478 aka ɗaura. Da ciwo ya kwantar da Betson a shekarar da ta biyo baya, Katherine ce ta yi jinyarsa tana kuma lura da harkokinsa. Ya mutu a 1486 ya bar ta da 'ya'ya biyar. Ta sake aure, amma a wasiyyarta ta ce a binne ta kusa da shi. Haɗin jari ne, ba shakka, sai dai ban ga dalilin da zai sa a share sauran ba.

Mace ɗaya doka ta yarda, amma mutuwa na yawan raba aure, don haka gida guda kan tara 'ya'yan miji, 'ya'yan mata da agololi. Bazawara mai dukiya kuwa layi ake mata. Al'adar Landan ta raba kayan mamaci uku: kaso na matarsa, kaso na 'ya'ya, kaso kuma na sadaka da addu'a don ransa. Wanda ya rubuta cewa matar attajiri ba ta da ta cewa bai duba wannan ba. George Cely bazawara ya aura a 1484, kuma ƙarar da aka shiga kan dukiya bayan mutuwarsa a 1489 ce ta sa aka kwashe takardun gidan zuwa kotu, inda suka tsira. Da an zauna lafiya da ba mu san su ba. Ta nan muka ji cewa Robert, ɗaya daga cikin 'yan'uwa uku na gidan Cely, ɗan caca ne da bashi ya yi wa katutu, George kuma ba ya gajiya da zancen dawaki da shahon farauta.

Kada kuma a rubuta "daular 'yan kasuwa" kamar sana'ar na bin jini har jikokin jikoki. Burin attajiri ya sayi ƙasa, ɗansa ya fita daga sahun 'yan kasuwa. William de la Pole na Hull ya ranta wa Edward na Uku maƙudan kuɗi na yaƙi, sarkin nan kuma ya ɗaure shi a 1340. Ɗansa Michael ya samu sarautar Suffolk a 1385. Daga nan zuri'ar ta bar buhu ta kama fada, aka fille kan ɗaya daga cikinsu a cikin kwalekwale a 1450.

Manyan majami'un da suka gina, masu yawon buɗe ido kan ce alfahari ne. Akwai shi. Allon tagullar kabarin Grevel, wanda ya mutu a 1401, ya kira shi furen attajiran ulu na Ingila baki ɗaya. Amma sun yi imani cewa addu'ar masu rai na rage wa mamaci wahalar tsarkakewa bayan mutuwa, kuma coci ta haramta kuɗin ruwa, abin da mai harkar bashi da canji ke yawo a bakinsa kullum. John Fortey, da ya ɗaukaka ginin majami'ar Northleach ya mutu a 1458, an zana shi ƙafa ɗaya kan tunkiya, ɗaya kan ƙunshin ulu.

Gyara na ƙarshe ƙarami ne. Jan matashin zaman nan da shugaban majalisar dattawan Birtaniya ke zama a kai, wanda aka sa don tuna abin da ya azurta ƙasar, mutane kan rubuta cewa tun fil azal ulu ne a cikinsa. Da aka farke shi a 1938, gashin doki aka tarar.