Yadda Ake Auna Matsayin Gari da Hasken Rana, Bisa Dabarar John Davis

John Davis matuƙin jirgin ruwa ne, Baturen Ingila, an haife shi wajen 1550 kusa da garin Dartmouth. Sau uku ya nufi ƙuryar arewa, a 1585 da 1586 da 1587, yana neman mashigar da za ta ɓulle da jirage zuwa ƙasar Sin ta saman nahiyar Amurka. Bai samu mashigar ba. Amma a tafiya ta uku ya bi gaɓar yammacin tsibirin Girinlan cikin wani ɗan ƙaramin jirgi har ya kai digiri 72 da minti 12 arewa da layin Ikwaita, kuma tekun da ya ratsa sunansa take amsawa har yau. Ya rasu a 1605, lokacin da 'yan fashin teku suka far wa jirginsu kusa da tsibirin Bintan, daura da Singafo.

Abin tambaya shi ne yadda mutumin da ba ya ganin komai sai ruwa da ƙanƙara ya san inda ya kai. Da tsayin rana a tsakiyar yini ya sani, kuma malamin makaranta a Birnin Kebbi ko Gusau zai iya yin wannan awo na matsayin gari, wato nisansa daga layin Ikwaita a digiri, da ɗalibansa a harabar makaranta da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba.

Kafin Davis, matuƙa kan ɗora sanda mai gicciye a kunci, su dubi rana da bakin teku, wato inda ruwa ya haɗu da sama, a lokaci guda, ido na ƙwalla, awo na karkacewa. Shi sai ya juya lamarin: ka ba rana baya, ka bar inuwa ta yi maka aiki. Na'urar da ya ƙera a kan wannan tunani ta daɗe a hannun matuƙa, har bayan da John Hadley ya fito da tasa mai madubi a 1731. A tudu ba mu da bakin teku miƙaƙƙe, don haka igiya mai nauyi a ƙasa ce za ta tsaya a madadinsa. Duk ladanin da ya san inuwar zawali ya riga ya riƙe rabin karatun, domin abin da ake nema shi ne lokacin da inuwa ta gama raguwa.

A tanadi turke mai ƙwari da ya ɗan wuce mita 2, da guntun katako na rabin mita, da murfin gwangwanin madara, da ƙusa, da zare mai ƙarfi, da ɗan dutse ko noti, da alli, da tef ɗin awo na magina. Tef ɗin tela yana miƙewa idan ya tsufa, a bar shi a shago. A huda tsakiyar murfin da ƙusa, huda ɗaya mai faɗin kamar rabin santimita, a goge bakinta. A kafa murfin a kwance a ƙarshen katakon, yadda hudar ta leƙo waje babu abin da ya tare ta, sannan a ɗaure katakon a saman turken ya miƙa gabas ko yamma. Idan ya miƙa kudu, inuwar turken da ta katakon za su iya haɗuwa da wurin da ake son gani.

Me ya sa ba za a kafa sanda kawai a auna inuwarta ba? Saboda ƙarshen inuwar sanda dishi-dishi yake. Rana faifai ce mai faɗin rabin digiri, don haka bakin inuwa ba ya yankewa tsaf, kowane yaro zai sa alamarsa a inda idonsa ya raya masa. Hasken da ya ratsa huda kuwa zagayayye yake sauka, kamar santimita 2 a faɗi, a tsakiyar inuwar murfin, kuma tsakiyarsa ba ta da gardama. Ga wata riba: ko turken ya ɗan karkace ba komai, tunda daga hudar ake awo.

A zura zaren ta hudar, dutsen ya sauko ya kusa taɓa ƙasa. A jira ya daina lilo, idan da iska a kare shi da kwali, a sa alama daidai ƙarƙashinsa. Wannan alama ita ce gindi. A auna daga hudar zuwa gindi, a gyara ɗaurin har ya zama santimita 200 cif, sannan a zare zaren. Daɓen kuma sai ya kasance a shimfiɗe sosai. Yawancin daɓen baranda an yi masa gangare don ruwan damina, wannan gangaren kaɗai ya isa ya ɓata aikin, saboda haka a gwada shi da ma'aunin magina mai ruwa a ciki, ko a shimfiɗa faifan katako a daidaita shi da yashi.

Ranar da ta fi sauƙi ita ce 20 ko 21 ga Maris, ko 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da rana take bisa layin Ikwaita, babu ragi babu ƙari a lissafi. Maris ya fi, domin Satumba hadari yakan rufe sama. Sai dai zafin Maris a nan ba wasa ba ne, a kawo ruwan sha, a kuma ja wa yara kunne kada wanda ya ɗaga kai ya kalli rana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna hasken da ƙarfe 12 na agogo. Agogon Najeriya yana bin layin digiri 15 na gabas, Birnin Kebbi kuwa tana wajen digiri 4 na gabas, Gusau wajen 6 da rabi, kuma kowane digiri minti 4 ne na jinkiri. A watan Maris rana ba ta tsayawa tsaka a Birnin Kebbi sai wajen 12:50, a Gusau wajen 12:40. Don haka a fara da 12:15, duk minti 5 a ɗiga alli a tsakiyar hasken, har zuwa 1:15. Ɗigon zai riƙa tafiya daga yamma zuwa gabas, kuma a waɗannan ranaku layi miƙaƙƙe yake ja. A haɗa ɗigon da zare, a auna tazara mafi gajarta daga gindi zuwa layin.

A Birnin Kebbi za a samu kusan santimita 44, a Gusau 43, a Argungu 45, a Yawuri 38. A raba abin da aka samu da 200, a danna maɓallin tan⁻¹ a kalkuleta: 44.2 ya ba da 0.221, wanda ya ba da digiri 12.46, wato kusan digiri 12 da minti 27, matsayin Birnin Kebbi ke nan. Idan amsa ta fito 0.2 da wani abu, kalkuletar tana kan RAD, a mai da ita DEG. Inda babu kalkuleta, a zana kusurwar a takarda da tsayin santimita 20 da gindin 4.4, a auna kusurwar sama da furotakta.

Digiri ɗaya kilomita 111 ne a ƙasa, kuskuren santimita 1 a wannan awo kuwa ya kai kamar kilomita 30. Shi ya sa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da ƙyar za a ga bambanci, amma idan makaranta a Argungu ta haɗa kai da wata a Yawuri suka auna rana ɗaya, santimita 7 ɗin da ke tsakaninsu ba mai musunta ta.

Idan ranar ta faɗo Juma'a aka ɗage, a tuna rana tana matsawa arewa kusan digiri 0.4 kowace rana a wannan lokaci na Maris, sai a ƙara shi a kan amsar gwargwadon kwanakin da suka wuce. Sauran ranakun shekara suna buƙatar jadawalin karkatar rana daga layin Ikwaita, irin wanda matuƙan zamanin Davis ba sa rabuwa da shi. A 21 ga Disamba hasken zai sauka wajen santimita 145 arewa da gindi a Birnin Kebbi, kusurwa 35.9, a cire 23.4, wato karkatar rana a ranar. A 21 ga Yuni kuwa kudu zai faɗa, wajen santimita 39, kusurwa 11, sai a cire ta daga 23.4. Wajen 23 ga Afrilu da 20 ga Agusta hasken yana sauka kusan a kan gindin kansa, don haka waɗannan makonni ba su dace da mai koyo ba, tazarar ta yi ƙanƙantar da tef ba zai raba gaskiya da kuskure ba.