Shawara kan tayar gaba ta ƙaramar tarakta lokacin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka da Kanada, musamman na wajen Minnesota da Ontario, sanyi ya kunno kai.

Duk mai ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida da ƙaramar taraktar lambu, don Allah ya duba tayoyin gaba. Waɗanda ake sayar da ita da su na yankan ciyawa ne, zanensu a shafe. Bara na karkata allon ture ƙanƙarar da ke gaban taraktar zuwa dama, na murɗa sitiyari, amma tarakta ta yi ta sulalewa miƙe har ta daki shinge.

Ku nemi taya mai layi uku da suka zagaye ta, irin ta gaban manyan taraktocin gona. Layin nan yana yanka ƙanƙara ya riƙe ta gefe, sai gaba ya bi sitiyari. Siririya ta fi mai faɗi, don tana nutsewa ta kama ƙasa. Ku karanta lambar da ke gefen tsohuwar, misali 16x6.50-8, 8 ɗin nan girman rim ne, dole ya zo daidai. Taya mai ninki 4, wato mai ƙarfin jiki da ake rubuta wa 4-ply, ta fi jure nauyin allon.

Sarƙar da ake naɗa wa taya don hana santsi kuwa a tayoyin baya ake ɗaura ta, can ne inji ke turawa. In za ku yi kwana, ku ɗan ɗaga allon, nauyi ya dawo kan tayoyin gaba. Sanyi yana rage iskar taya, a riƙa aunawa kafin fita.