Yadda Ake Gwada Hargitsi da Daidaito a Tsarin Ƙwayoyi Masu Jan Juna Daga Nesa

A iskar da muke shaƙa, kowace ƙwaya maƙwabtanta kaɗai take ji, shi ya sa iska ke saurin kai wa ga daidaiton da lissafin Boltzmann ya yi hasashe. Taurarin da ke gungu ɗaya ba haka suke ba, domin kowane tauraro yana jin jan dukkan sauran komai nisansu. Mai son ganin wannan bambanci a kwamfutarsa ba sai ya fara da taurari ba. Samfurin HMF (Hamiltonian Mean Field), sauƙaƙƙen samfurin lissafi na ƙwayoyi masu jan juna daga nesa wanda Antoni da Ruffo suka gabatar a 1995, ya wadatar.

A wannan samfuri ana ɗora ƙwayoyi guda N a kan da'ira, kowace da kusurwarta da saurinta, kuma kowace tana jan kowace da ƙarfin da ya dogara ga bambancin kusurwoyinsu kawai. Dole ne a raba makamashin jan junan da N, in ba haka ba zai rinjayi makamashin motsi yayin da ƙwayoyi suka yi yawa. Sauƙin aikin yana nan: ba sai an lissafa ƙwayoyin bibbiyu ba. A kowane mataki a ɗauki matsakaicin cos da na sin na dukkan kusurwoyi, daga su ake samun ƙarfin da ke kan kowace ƙwaya, da kuma ma'aunin M, wanda ke zama sifili idan ƙwayoyin sun bazu ko'ina, ya kusanci 1 idan sun dunƙule wuri guda. Wajen ciyar da lokaci gaba, a yi amfani da dabarar da ke kiyaye makamashi, kamar ta Verlet ko ta Yoshida ta 1990, da mataki kamar 0.05 ko 0.1, a riƙa duba cewa jimillar makamashi ba ta zamewa.

Zaɓen yanayin farko shi ne inda ya fi dacewa a natsu. A baza kusurwoyi daidai wa daida a kan da'ira, a baza sauri daidai tsakanin -1.068 da 1.068, wanda zai ba kowace ƙwaya makamashi 0.69 a matsakaici. Ba a banza aka zaɓi wannan adadi ba. Yana ƙasa da 0.75, iyakar da lissafin daidaito ya ce a ƙasa da ita ƙwayoyi za su dunƙule, amma yana sama da 7/12, inda lissafin Vlasov, mai bayyana tsarin idan ƙwayoyi suka yi yawa ba iyaka, ya nuna cewa irin wannan bazuwar tana iya tsayawa da ƙafarta. Saboda haka tsarin zai maƙale: M zai zauna kusa da sifili, zafi, wato matsakaicin abin da ake samu idan aka ninka saurin kowace ƙwaya da kansa, zai tsaya wajen 0.38, sai bayan dogon lokaci ya haura zuwa kusan 0.476, M kuma ya kai kusan 0.31. A maimaita gwajin da ƙwayoyi 1,000, sannan 5,000, sannan 10,000, za a ga jiran yana ƙaruwa fiye da yadda N ke ƙaruwa. Yamaguchi da abokan aikinsa sun samu a 2004 cewa tsawon jiran yana tafiya kamar N mai ƙarfin 1.7 (N^1.7). Wanda ya kashe kwamfuta da wuri zai ɗauki zango a matsayin masauki.

Shi kuwa hargitsi, wato yadda ɗan bambanci a farko ke saurin girma, da ma'aunin Lyapunov ake auna shi, bisa hanyar Benettin da abokansa. A yi kwafi biyu na tsarin masu ɗan bambanci ƙanƙani, a bar su su yi tafiya, lokaci-lokaci a auna yadda tazararsu ta girma, a rubuta logaridim ɗin girman, a mayar da tazarar yadda take da farko, a ƙarshe a raba jimillar da tsawon lokacin. Sakamako sama da sifili yana nufin akwai hargitsi, amma a ganina adadi ɗaya daga N ɗaya ba hujja ba ne. Idan makamashi ya wuce 0.75, ma'aunin yana raguwa kamar ɗaya bisa saiwa ta uku ta N, wato idan aka ninka ƙwayoyi sau takwas, sai ya ragu da rabi. Don haka a zana shi a kan N daban-daban, kowane daga matsakaicin gwaje-gwaje masu yawa da aka fara daga bazuwa dabam, kafin a ce hargitsin na tsarin ne ko kuwa ƙarancin ƙwayoyi ne ya haifar da shi.