Babi na Bakwai: Sabunta Manhajar Kwamfutar Gida da Kare Ta Daga Masu Kutse

A gidaje da yawa na Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri yanzu ana samun kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da kowa ke amfani da ita. Maigida yana rubuta lissafin buhunan shinkafa ko albasa, uwargida malamar makaranta tana buga tambayoyin jarrabawa, yaro kuma yana koyon danne-danne saboda jarrabawar JAMB da ake yi a kan kwamfuta. Mutanenmu suna kula da jikin na'urar, suna kare ta daga ƙurar hunturu da zafin bazara, amma kaɗan ne suke tunawa da manhajojin da ke cikinta, wato Windows, wadda ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da komai, da ƙananan irin su Chrome da Word. Alhali kuwa ta nan ne ɓarna mafi muni take shigowa.

Dalilin sabuntawa

Mutane ne suke rubuta manhaja, kuma ba a rasa kuskure a aikin ɗan Adam. Wasu kurakuran ba su wuce su sa kwamfuta ta riƙa tsayawa ba, amma wasu kafa ce da mai kutse zai bi ya shiga daga nesa, ya karanta takardunku, ya kwashe kalmomin sirri, ko ya kulle fayilolinku gaba ɗaya. Idan kamfanin da ya yi manhajar ya gano irin wannan kafa, sai ya rubuta gyara ya aiko wa kowa ta intanet, kuma karɓar wannan gyaran shi ne sabuntawa. Kamar yaɓen katangar ƙasa ne kafin damina: wanda ya ce sai ya ga ruwa ya fara shiga zai yi gyara, ya riga ya makara.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe fiye da komai a wannan babi. Ranar da kamfani ya fitar da gyara, a ranar ce kuma ya sanar wa duniya cewa akwai kafa, kuma masu kutse suna nazarin gyaran domin su gane inda take, sannan su nemi kwamfutocin da ba su karɓe shi ba tukuna. Saboda haka kwamfutar da aka bari wata shida ba sabuntawa ta fi shiga haɗari a kan yadda take tun farko, ko da mai ita bai canja komai a cikinta ba.

Abin da ya faru a watan Mayun 2017 ya isa misali. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, dala 300 a kan kowace kwamfuta. A Ingila har asibitocin gwamnati sai da suka ɗage ganin marasa lafiya da yin tiyata. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na wannan shekarar, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta ba ta shige su ta wannan kafar ba.

Yadda ake yi

Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, kuma a agogon Najeriya sukan fito ne wajen magariba, don haka daga Laraba zuwa ƙarshen wannan makon shi ne lokacin da ya dace. A buɗe wurin da aka rubuta Settings, a nemi Windows Update, a danna Check for updates, a jira. Idan ta gama saukewa za ta nemi a danna Restart, kuma wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, alhali gyaran ba ya kammala aiki sai kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Rufe murfin kwamfuta kawai ba ya wadatarwa.

A gaskiya abin da ke hana mutanenmu sabuntawa ba lalaci ba ne, wuta ce da kuɗin data. Game da wuta, kada a fara sai batir ya cika ko ana da tabbacin sola ko janareta, musamman idan batirin ya tsufa ba ya riƙe caji, domin idan kwamfuta ta mutu tana tsakiyar girka gyara, Windows tana iya ƙin tashi. Duk lokacin da allo ya nuna kada a kashe, to kada a kashe, ko da lambar da ke ƙirgawa ta daɗe a wuri ɗaya. Game da data kuwa, kamfanonin waya suna da tsarin dare mai rahusa, kuma ya fi kyau a ware dare ɗaya a wata domin wannan aiki. Wasu sukan kunna abin da ake kira Metered connection don kada kwamfuta ta shanye datar wayarsu, kuma dabara ce mai kyau, sai dai a san cewa tana hana wasu gyare-gyaren saukowa da kansu, don haka dole mutum ya tuna ya je ya duba da hannunsa.

Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ita ma tana da nata gyaran daban, kuma da yake ita ce ke hulɗa da intanet kai tsaye, bai kamata a bar ta a baya ba. A Chrome, a danna ɗigo ukun da ke saman allo ta hannun dama, a shiga Help, sannan About Google Chrome, za ta duba ta sabunta kanta.

Idan Windows ta tsufa

Kowace Windows tana da ranar da kamfani ke daina aiko mata da gyara. An daina wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, ko da yake an buɗe wani shiri na ƙarin gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi tana aiki kamar kullum, kuma wannan ne ke ruɗin mutane. Da yawa daga cikin kwamfutocin tokumbo da ake sayarwa a kasuwanninmu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, saboda tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa sosai ba. Mai shirin saye ya sa mai shago ya nuna masa a kan allo cewa Windows 11 ce a ciki kuma tana karɓar gyara. Wanda kuma tasa ta riga ta tsufa, yana iya sa a girka masa Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su, ko kuma ya bar ta ga buga takardu kawai, ya daina shiga asusun banki da imel da ita.

Manhajar sata da filash

Idan aka kai kwamfuta gyara, sau da yawa akan dawo da ita cike da manhajojin da aka fasa makullinsu don kada a biya kuɗi. Domin irin waɗannan su yi aiki, mai gyara yakan kashe Windows Update, wani lokaci har da Microsoft Defender, wato mai gadin da ke zuwa kyauta a cikin Windows 10 da 11. Mai kwamfuta yana murna ya samu kaya a banza, bai san an bar shi ba tsaro ba, kuma ita kanta manhajar satar ana yawan ɓoye ƙwayar cuta a cikinta. Mai buƙatar rubutu da lissafi ya sauke LibreOffice daga shafinta na asali, kyauta ce ta halal kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. A ra'ayin marubucin wannan littafi, Defender da ake sabuntawa ya ishi gida, kuma ya fi wani mai gadin da aka girka shekara biyu da suka wuce wa'adinsa ya ƙare.

Filash ɗin da ya je shagon buga takardu a wajen makaranta ko sakateriya ya shiga kwamfutoci da yawa kafin ya dawo gida. A danna alamarsa a kan allo da maɓallin dama na linzamin kwamfuta a sa Defender ya bincika shi kafin a buɗe komai, kuma idan aka ga foldoji sun koma masu ƙaramar alamar kibiya a jikinsu, kada a danna su. Haka nan, duk saƙon da ya faɗo a kan wani shafin intanet yana cewa kwamfutarku ta kamu, ku danna nan ku sabunta, ƙarya ne. Gyaran gaskiya ta cikin Settings yake zuwa. Takardu masu muhimmanci, irin su sakamakon jarrabawa da lissafin bashi, a riƙa kwafe su a wani filash na daban da ba ya fita daga gida, a cire shi daga jikin kwamfutar da zarar an gama, domin manhajar neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya duba kalandar wannan wata ya nemo Talata ta biyu, ya rubuta kwanan watan a littafinsa. Wanda ke da kwamfuta a gida ya buɗe Windows Update ya kwafo ranar da aka yi gyaran ƙarshe, da kuma lambar Windows ɗinsa, 10 ce ko 11, ya kawo wa malami a zama na gaba. Waɗanda ba su da ita za su yi aikin bibbiyu a kan kwamfutar aji.