Yadda ake bin sawun bawan da aka sayar a New Orleans

Tun ranar 1 ga Janairun 1808 Amurka ta haramta shigo da bayi daga waje, sai cinikin ya koma na cikin gida. Ana kwaso mutane daga Virginia da Maryland a kai su kudu, inda gonakin auduga da rake suke, kuma babbar kasuwarsu ita ce New Orleans ta jihar Louisiana. Ga yadda ake nemo mutum guda a takardun birnin.

Da farko, nemi sunan mai sayarwa ko mai saye. Da sunayen masu dukiya aka jera rajistocin, shi kuwa bawa galibi suna ɗaya ake rubuta masa, wani lokaci ma na ƙarya.

Da wannan suna sai ka nufi takardun notari, wato jami'in da ake ƙulla ciniki a gabansa. Dokar Louisiana ta sa bawa a sahun gida da fili, don haka ana rubuta cinikinsa gaban notari da shaidu: suna, shekaru, farashi, da ko an biya lakadan ko bashi ne. Kundayen suna hannun magatakardar kotun farar hula ta gundumar Orleans, inda birnin yake, an ɗaure su bisa sunan kowane notari da shekara. Ka shirya wa Faransanci, don da shi aka rubuta da yawa.

Daga nan ka koma baya zuwa jirgin ruwa. Dokar 1807, wadda ita ce ta haramta shigo da bayin, ta wajabta wa jirgi mai tan 40 ko fiye da ke ɗaukar bayi tsakanin tashoshin ƙasar ya miƙa wa kwastan jerin sunayensu, da shekaru, tsayi da launin fata. Takardun suna ma'adanar tarihi ta ƙasa, wasu kuma an sa su a shafin SlaveVoyages. A nan ake bukatar natsuwa. Solomon Northup, ɗa ne, ba bawa ba, daga New York da aka sace a Washington a 1841, amma a takardar jirgi mai suna Orleans da ya taso daga Richmond ta Virginia "Plat Hamilton" aka rubuta, mai shekara 26, alhali ya haura 30. Dillali Theophilus Freeman ya sayar da shi ga William Ford. Wanda ya nemi "Northup" zai tashi a tutar babu. Saboda haka ka gwada tsayi da ranar isowa da sunayen waɗanda aka haɗa su jirgi ɗaya. Shekaru kam dillalai na rage su don kuɗi ya ƙaru.

Idan cinikin ya faɗo tsakanin 1829 da 1831, ka yi sa'a. A lokacin jihar ta tilasta a zo da takardar shaidar kyawun hali ga bawan da aka kawo daga wata jiha, kuma ita ce ke nuna gundumar da ya fito.

Sai kotu. Dokar jihar ta ba mai saye damar warware ciniki in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, kamar kuturta, farfaɗiya, tabin hankali ko yawan gudu. A ganina nan ne aka fi samun bayani, don likitoci da maƙwabta da dillalai na ba da shaida dalla-dalla a kan mutum ɗaya. Shari'o'in da suka kai Kotun Ƙolin Louisiana suna ɗakin karatun Jami'ar New Orleans. Nemi su da sunan mai saye da na dillali.