Yadda Ake Fitar da Siginar Maikurowef Daga Lezar Zaren Gilashi

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu goge biyu suna daidaita tsirkiya ya san rawar da sauti yake yi idan muryoyin sun kusa haɗuwa amma da saura. Dabarar ke nan gaba ɗaya. A gwama haske biyu masu kusancin zango, wato tsawon kowace kaɗawa ta hasken, bambancin da ke tsakaninsu shi zai fito a matsayin siginar maikurowef, wato siginar rediyo mai saurin kaɗawa.

Fara da leza biyu na zaren gilashi mai sinadarin erbiyum, masu aiki a zangon da ya kai wajen nanomita 1550 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na tsawon mita guda). Lissafin da za ka riƙe a ka: tazarar nanomita 0.8 tsakanin zango biyun tana ba da sigina ta kusan gigahaz 100 (gigahaz ɗaya kaɗawa biliyan ɗaya ce a daƙiƙa). Idan gigahaz 10 kake nema, irin na wasu na'urorin rada, sai tazarar ta zama nanomita 0.08.

Kafin haɗi, tsabtace bakin kowane zare. Faɗin cibiyarsa, inda haske ke bi, kusan maikuromita 9 ne kacal (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar ƙurar hunturun Sakkwato guda ta isa ta ɓata maka yini. Kada kuma ka leƙa bakin zaren. Hasken ba ya ganuwa, amma yana illata ido.

Daga nan ka shigar da hasken biyu cikin mahaɗa mai raba su daidai wa daida, ka murza na'urar daidaita fuskar haske, wato ɓangaren da hasken ke kaɗawa, har siginar ta yi ƙarfi, ka sauke a kan fotodayod mai sauri, wato na'urar da ke mayar da haske siginar lantarki. Abin da ya fito, na'urar awon mita, wato yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, za ta nuna maka shi.

Wahalar tana wajen zafi. Idan matacin haske da aka zana cikin zaren, mai tace zango guda, shi ne ke tsayar da zangon lezar, canjin zafi na digiri ɗaya yana gusar da shi fiye da gigahaz ɗaya. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, siginar da ka saita bayan asuba ba ita za ka tarar da azahar ba. Shi ya sa na fi son a fitar da zango biyun daga leza guda: zafin ya same su tare, su gusa tare, bambancin ya zauna. In ba hali, ka rufe leza biyun cikin akwati ɗaya mai kariyar zafi, nesa da iskar fanka.

Mai neman tsabtar sigina ta ƙarshe sai ya koma ga lezar da ke harba haske guntu-guntu, wadda mitocinta ke jeruwa kamar haƙoran mataji. Aikin da ya shafi wannan matajin yana cikin abin da ya ba John Hall da Theodor Hänsch kyautar Nobel a 2005.