Hadarin dare a Zariya, shirinsa tun da yamma ake yi

Duk wanda ya yi damina a Zariya ya san hadarin farkon damina, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, iskar da ke gabansa ta fi ruwan ɓarna. Zafi ya sa kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, can tsakar dare sai ka ji gari ya yi tsit, sai ga iska mai sanyi da ƙura daga gabas, kafin ka gama kwashe yara kwano ya fara ƙugi. Bara a unguwarmu nan Tudun Wada haka ta yaye rufin maƙwabcinmu, da asuba muka tsinci kwanon a kan darbejiyar bakin masallaci, Allah dai ya tsare rai.

Toh, bayan isha'i leƙa gabas. In ka ga walƙiya tana wasa, ko hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta yi hasashen ruwa da iska, dan Allah a kwana a ɗaki komai zafi. Yi cajin waya da tocila, ajiye su kusa da kai. Kwanon da ƙusarsa ta saki a kira kafinta tun da rana. Masu ginin ƙasa a cikin birni ku duba indararo kar ya toshe, kuma katangar da ta tsage ko ta sha ruwa kwana biyu kar a bar kowa ya kwana a jikinta, wallahi ba ta sallama in za ta faɗi, musamman a Agusta. Na kusa da kogin Kubanni kuma ku ɗora takardu a sama, a yashe kwata.

In hadarin ya taso, cire filogin firji da talabijin, a zare waya daga caji. Ka ga walƙiya ka fara ƙirga, duk daƙiƙa 3 kafin tsawa kusan kilomita 1 ne, in ba ka kai 30 ba ai tana kusa, ba tarar ruwa ba tsayawa gindin bishiya, sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Janareta kuwa kar a shigo da shi ɗaki ko zaure wai gudun ruwa, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Fitar asuba haska ƙasa da tocila, wayar wuta da ta tsinke cikin ruwa kar ka kusance ta ko an ɗauke wuta, kuma a faɗa wa yara kafin su fita makarantar allo.